Hanyar da Na Zana wa Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Haka ya taso ya tarar a gidansu, haka kuma ya riƙe. Ko ina tsaye a gabansa, idan yana son ruwa, sai ya juya wajen Mama ya ce, "Ce mata ta kawo ruwa." Ni kuma in amsa wa Mama. Ƙannena biyu mata suna hawa jikinsa suna laluben aljihunsa, ni kuwa tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba. Kunyar ɗan fari ce, kuma na san wasu gidajen unguwarmu sun daɗe da barin ta. Sai dai ta sa na fi sanin ƙafafun mahaifina fiye da fuskarsa.

Baba yana da shagon yadi a babbar kasuwar Suleja, leshi da mayafai da yadin maza. Sau uku a shekara yakan je Guangzhou sarin kaya. Hanyarsa ɗaya ce tun ina firamare: daga Abuja zuwa Addis Ababa, ya sauya jirgi, ya wuce. Mama ce ke haɗa masa jaka, ta cusa dambun nama a gwangwani da 'yar jakar garin kunu, ta raka shi bakin ƙofa ta dawo. Ita ba ta taɓa shiga jirgi ba. Idan wani ya ratsa ta saman unguwarmu yana neman sauka Abuja, takan ɗaga kai daga wanki ta bi shi da ido har ya shige gajimare, sannan ta ci gaba da cuɗa.

A daminar da na gama jami'a, ina zaman jiran a kira mu bautar ƙasa, ƙannena suna makarantar kwana, Baba ya dawo daga kasuwa wata rana bayan la'asar ya ajiye wayarsa a kan tabarma tsakaninsa da Mama.

"Ce mata ta karanta wannan. Turancin ya yi yawa."

Saƙo ne daga kamfanin jirgin da yake hawa. Yana da katinsu, wanda duk tafiyar da ya yi suke zuba masa maki gwargwadon nisanta, idan makin ya taru a ba shi tikiti kyauta. Saƙon ya ce sun yi garaɓasa: duk wanda ya hau jiragen kamfanoni uku daga cikin abokan ƙawancensu a tafiya ɗaya, kafin wa'adin ya cika, za a ninka masa makin. Na fassara wa Mama, Baba yana ji.

Ya taɓa carbinsa. Sannan ya ce, "Tambaye ta, in an ninka, zai kai mutum biyu Jidda?"

Na duba, na ce zai kai, har da ɗan saura.

Mama ta ce, "Mutum biyu su wa?"

"Ni da wata tsohuwa da ke kallon jirgi tana wanki. Umarar azumi."

"Tsohuwa dai tana gidanku," in ji Mama. Ta tashi wai za ta duba tukunya, alhali babu abin da ke kan wuta.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai in ɗauko kwamfutata in ɗora a kan ƙaramin tebur na falo, Baba ya zauna a kujerarsa, Mama a tsakani tana tsintar shinkafa ko gyaran alayyahu. Aikin ba mai sauƙi ba ne. Ba kowane tikiti ke kawo maki ba, mai arha sosai ba ya kawo komai. Wani kamfanin yana cikin ƙawancen amma jirgin da ya sa wa lambarsa na wani ne daban, wannan ba a lissafa shi. Wani zangon kuma yana bukatar biza. Na ɗauko tsohuwar taswirata ta sakandare ina ja da fensir, in goge, in sake ja. Ina son sunayen biranen. Nakan maimaita su a raina ina wanke-wanke, har na rubuta wasu 'yan baitoci a bayan littafina game da mutumin da ya bi rana yana ƙoƙarin riga ta isa gabas.

A rana ta huɗu wani abu ya faru. Mama ta shiga ɗaki, Baba ya miƙo yatsa ya taɓa fuskar kwamfutar ya ce, "To wannan fa, in aka bi ta nan?" Babu kowa a falon sai ni. Bai lura ba. Na amsa masa, ya gyaɗa kai, ya sake tambaya. Mun yi kusan rabin awa muna magana kamar sauran mutane kafin Mama ta dawo, ya koma "ce mata".

Hanyar da ta cika sharaɗi ita ce wannan: Abuja zuwa Alƙahira a jirgin kamfani na farko, Alƙahira zuwa Istanbul sannan Bangkok a na biyu, Bangkok zuwa Guangzhou a na uku. Zango uku maimakon ɗaya. A takarda ta yi kyau, kamar zanen lalle da ya kewaya tafin hannu kafin ya kai yatsa.

A cikin waɗannan kwanakin ne na fara lura da ƙafarsa ta hagu. Da safe in na durƙusa gaishe shi, sai in ga idon sawun ya ɓace, fatar ta yi sheƙi. Takalminsa na fita, wanda yake ji da shi, ya take bayansa ya mayar da shi kamar silifa. In zai tashi daga kujera yakan dafa hannunta ya ɗan jira. Na ce wa kaina tsayuwar shago ce.

Sai ranar da zan shigar da lambar fasfonsa. Mama ta miƙo mini jakar fatar da yake ajiye takardun tafiya. A bayan fasfon akwai takarda a ninke huɗu, daga wani asibitin kuɗi. Bai kamata in buɗe ba, amma na buɗe. Likitan ya rubuta cewa yana zargin jini ya daskare a jijiyar ƙafar, ya ce a yi hoton jijiyar da gaggawa, kuma kada mai ita ya yi doguwar tafiyar da za ta zaunar da shi awoyi sai an ga sakamako. Takardar neman hoton tana maƙale a jiki, ba a taɓa ta ba. An rubuta ta ne jim kaɗan bayan dawowarsa daga tafiyar baya.

Na mayar da ita yadda na same ta. A waje hadari ya haɗu ta wajen Dutsen Zuma, gari ya yi duhu tun kafin magariba, amma ruwan ya ƙi sauka.

Na sami Mama a kicin tana jajjage.

"Mama, ƙafar Baba."

"Kin gani ke ma? Na yi magana har na gaji. Likita ya ce kar ya riƙa daɗewa a zaune." Ta kwashe jajjagen ta zuba a tukunya. "Shi ya sa na ce Allah ya yi miki albarka, Yayarsu. Da can zango ɗaya yake yi. Yanzu kin sa masa uku."

Ban gane ba, sai da ta ci gaba.

"Ai ni na san tafiya. In muna dawowa daga Kano ƙafafuna suka yi nauyi, da direba ya tsaya a Tafa, aka yi salla, aka ci doya da ƙwai, aka ɗan taka, shi ke nan sai su saki. To shi Tafa uku zai yi. Ya sauka ya miƙe, ya sha iska, ya ci dambunsa."

Na tsaya ina kallon bayanta. Na san abin da ba ta sani ba. A Istanbul awa ɗaya da 'yan mintoci ne kawai tsakanin saukarsa da tashinsa, kuma filin jirgin ya fi unguwarmu girma, sauri zai yi ta yi da jaka a hannu. Daga nan sai zaman kusan awa goma a kujera ɗaya. In aka haɗa duka, zaman da zai yi a hanyata ya fi na tsohuwar hanyarsa nesa ba kusa ba. Babu doya da ƙwai a ciki, babu inuwar da zai tsaya.

Ban faɗa mata ba. Na daɗe ina neman dalilin da zan ba kaina. Akwai kunya: 'ya, 'yar fari ma, ba ta zancen jikin mahaifinta, balle ta ce ta buɗe takardarsa. Akwai fuskar Mama, wadda ta riga ta sayi farin yadin Umara ta kai wa tela. Amma akwai na ukun, wanda ya fi sauran nauyi a raina. In na ce hanyar ba ta da kyau, za a rufe kwamfuta, zaman la'asar ya ƙare, in koma bakin ƙofa.

Abin da na iya shi ne na bi hanyar da muka saba. Na ce, "Mama, ki ce masa tafiyar tsakiyar doguwa ce. Ko zai yi hoton ƙafar kafin ya tafi?"

Ta yi dariya. "Yau kuma ni ake aike? Uba ya aike ni, 'ya ta aike ni. Sai ku fara biyana kuɗin mota."

Da ya dawo daga masallaci ta ce masa, "Alhaji, Yayarsu ta ce ka riƙa miƙe ƙafa a hanya."

"Ce mata na ji."

Ina tsaye a bayan labule. Saƙon da na ba da ya isa, amma ya zube rabinsa a hanya, ni kuma na bar shi haka.

Washegari na yanki tikitin. Na zaɓa masa kujerar bakin hanya a jirgin farko da na biyu, don ya riƙa tashi yana takawa. Da na zo kan na Istanbul zuwa Bangkok, duk kujerun bakin hanya sun ƙare. Saura na tsakiya, can baya. Na daɗe ina kallon ɗan akwatin da ke fuskar kwamfutar, mutum a dama, mutum a hagu. Baba ya ce, "Akwai matsala ne?" Ni ya tambaya, kai tsaye. Na ce babu, na danna.

Ranar tafiyar an wayi gari da yayyafi. Ya fita da wuri saboda cunkoson masu zuwa aiki Abuja. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi masa Allah ya kiyaye hanya, idona a kan takalmin da aka take. A ranar ko safa bai iya sa wa ƙafar ba. Mai Keke Napep ɗin da zai kai shi tasha yana ta danna hon. Har Baba ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya juyo wajen Mama.

"Ce mata ta bar wayarta a kunne. Ita ta san hanyar."

Akwai manhajar da ke nuna inda jirgi yake a sama. Na wuni da ita a hannu. Wani ɗan jirgi rawaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana rarrafe a kan hamada. Mama takan leƙo ta ce, "Ya kai Tafa ta farko?" In ce saura kaɗan. Daga Alƙahira ya kira ta, ya ce lafiya lau, ya yi salla, ya ci dambu. Daga Istanbul bai kira ba. Mama ta ce wataƙila yana hutawa ne.

Da na idar da sallar asuba na duba, ɗan jirgin yana kan wasu duwatsu da ban san sunansu ba. Na yi shara, na duba. Na ɗora ruwan koko, na duba. Yana tafiya a hankali ƙwarai, kamar ba ya so ya isa. Na riƙa ganin Baba a kujerar tsakiya, ba zai taɓa tashin baƙon mutum daga barci don ya wuce ba, na san halinsa. Zai zauna ne kawai, ya haɗe gwiwoyinsa, ya ja carbi.

Da hantsi ɗan jirgin ya tsaya a Bangkok. Minti ashirin, talatin, shiru. Sannan wayata ta yi ƙara. Lambarsa ce. Tun da na mallaki waya ba ta taɓa fitowa a kanta ba.

"Salamu alaikum," ya ce. Sai wani sauti kamar ana jan buhu a kan siminti. Numfashinsa ne. "Wace ƙofa ce... ta jirgin... Guangzhou?"

"Baba, kana ina?"

"Ina tafiya. Wurin ne... da nisa."

"Ƙirjinka yana ciwo?"

A bayansa wata mace tana sanarwa da lasifika cikin harshen da ban sani ba. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya.

"Baba, ka zauna. Duk inda kake, ka zauna a ƙasa."

"Ba ni mamanki."

Duk rayuwata, da ya faɗi haka da na miƙa. Na ga yadda za ta kasance: in faɗa wa Mama, Mama ta tausasa, ya ce ya ji, ya hau jirgin.

"Ba zan ba ta ba. Da ni za ka yi magana."

Mama ta zaro ido. A wayar kuma numfashin ne kawai.

"Na karanta takardar likita," na ce. "Tun kafin in yanki tikitin na karanta. Ba za ka hau jirgin nan ba. Ka nemi duk wanda ka gani da kayan aiki ka ba shi wayar."

"Wannan ne... kamfani na ukun. In ban hau ba... ba za su ninka ba."

"Na sani. Ni na shirya."

"Mamanki ta kai ɗinki."

"Baba, ka ba shi wayar."

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na ji ƙarar jaka ta faɗi, na ji ya ce wani abu da ɗan Turancinsa na kasuwa, sannan muryar wata mata ta shigo. Na gaya mata da Turanci cewa mutumin nan mahaifina ne, likita yana zargin jini ya daskare a ƙafarsa, ya yi awa goma a zaune, yanzu ba ya iya numfashi. Muryarta ta sauya nan take. Ta ce kada in kashe, sannan ita ta kashe.

Muka zauna a tsakar gida ni da Mama, wayar a kan tabarma tsakaninmu. Kokon ya ƙone, babu wadda ta tashi. Sai bayan azahar wani ɗan kasuwa Bakano da ke zaune a can, wanda Baba ya ba da lambarsa, ya kira ya ce an kwantar da shi. Gudan jinin ya baro ƙafa ya kai huhu. Likitocin sun ce da ya hau jirgin ƙarshen, ba su san abin da za a sauke a Guangzhou ba.

Kwanansa tara a asibiti. Ya dawo ta gajeriyar hanya, babu kaya, da ledar magunguna da wata doguwar safa mai matse ƙafa. Wa'adin garaɓasar ya cika yana kwance. Makin da ya samu na kamfanoni biyun farko ya shigo, kamfanin har da saƙon taya murna, amma bai kai ko mutum ɗaya da rabi Jidda ba. Tela ya kawo farin ɗinkin Mama, ta sa a ƙasan akwati.

Kafin ya dawo, wata rana Mama ta ce in ɗauko taswirar. Ta sa na nuna mata kowane zango da awoyin da ke tsakani. Ta bi layin fensir da yatsa daga Istanbul zuwa Bangkok, ta sake bi.

"Ranar da nake miki zancen Tafa, kin san haka yake?"

"Na sani."

Ta ninke taswirar ta miƙo mini. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Amma ta daina ɗaga kai idan jirgi ya wuce.

Baba ma bai taɓa zancen wayar ba. Na yi zaton wani abu zai sauya tsakaninmu, ko ya yi fushi, ko ya saki jiki. Ranar da ya dawo na durƙusa na yi masa sannu, ya ce wa Mama, "Ce mata ta kawo ruwa."

Bayan wata huɗu, ana saura kwanaki in tafi sansanin bautar ƙasa, ya dawo daga kasuwa bayan la'asar ya ajiye wayarsa a kan tabarma.

"Ce mata ta karanta wannan."

Mama ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ba ta isar mini da saƙon ba. Na ɗauka da kaina. Sabuwar garaɓasa ce, wannan karon kamfanoni biyu kawai ake bukata. Na karanta har ƙarshe, na ɗago kai na dube shi a fuska. Ya rame, furfurar gemunsa ta ƙaru, ban san yaushe ba.

"Na karanta, Baba. Ba zan shirya ba."

Ya dube ni, ya dubi Mama. Ya miƙa hannu ya ɗauki wayarsa ya sa a aljihu.

"Biyu ne kawai," ya ce, ba da ni ba, ba da ita ba.

A kasuwa akwai masu yankan tikiti, shagonsu bai fi taku hamsin daga nasa ba, kuma ba su taɓa ganin takardar likitansa ba. Katin kamfanin, wanda da yake zama a jakar fata tare da fasfo, yanzu a aljihun gaban rigarsa yake, ina ganin shatinsa. Ranar da zan tafi na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Kumburin ya ragu sosai. Takalmin dai har yanzu a take yake.